SHARHI: Ƙwallayen Ahmed Musa da makin da Kano Pillars ke zubarwa a wajen fili

Tun kafin a buɗe kakar wasa ta 2025/2026 a watan Agusta, gardama ɗaya ta riƙa zagayawa a tsakanin masu bin ƙwallon gida a Arewa: ƙwallo nawa Ahmed Musa zai ci wa Kano Pillars a bana, kuma ina ƙwallayen nasa za su kai ta a teburi? Ana yin ta a majalisun Fagge da Ƙofar Mata, ana yin ta a shafukan sada zumunta, ana kuma jin ta a wuraren da suka yi nisa da Kano ƙwarai, irin rumfunan masu shayi da gidajen kallo na Yelwar Yawuri da Warra, can bakin tafkin Kainji. Jihar Kebbi ba ta da ƙungiya a babbar gasar ƙasar nan. Saboda haka matashin can da ya gaji da musun Arsenal da Chelsea, in ya waiwayo gida, sau da yawa Sai Masu Gida yake ɗauka tasa.

Ɓangare ɗaya na cewa mutumin da ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ba zai rasa goma sha biyar a gasar Najeriya ba. Har suna hango masa takalmin zinare, suna hango wa Pillars gurbin zuwa gasar Afirka. Ɗaya ɓangaren na ganin ƙafa ta yi nauyi, kuma tun da gwamnatin Kano ta naɗa shi janar manajan ƙungiyar a watan Yuli hankalinsa ya rabu tsakanin fili da ofis. A wurinsu in ya ci biyar ko shida ya yi ƙoƙari.

Ana cikin wannan musu sai ranar Lahadi 12 ga Oktoba ta zo. Pillars ta karɓi baƙuncin Shooting Stars ta Ibadan a filin wasa na Sani Abacha, a mako na takwas. Ta ci ƙwallo da wuri, ta riƙe nasararta har cikin mintunan da aka ƙara, sai baƙi suka farke. Da aka busa tashi 1-1, wasu magoya baya suka kutsa cikin fili, suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Hukumar gasar, NPFL, ba ta ɓata lokaci ba. Ta cire wa Pillars maki uku da ƙwallo uku, ta ci ta tarar Naira miliyan 9.5, ta rufe mata filin Sani Abacha, ta mayar da wasanninta na gida Katsina na aƙalla wasa goma.

Ƙwallo ukun nan abin tsayawa ne a kai. Yayin da jama'a ke ƙirga waɗanda Musa zai ƙara, takarda guda daga ofishin hukuma ta kwashe uku daga cikin waɗanda aka riga aka sha wahala aka ci. Kuma wanda ya fito ya yi tir da abin da ya faru, ya nemi afuwa a madadin ƙungiyar, shi ne dai mutumin da ake gardama a kan ƙafarsa. Bayan kwana biyu da rikicin ya cika shekara 33 da haihuwa.

Abin da tarihinsa ya nuna

Hujjar masu hasashen goma sha biyar ko ashirin tana da tushe, sai dai tushen ya kwana biyu. A kakar 2009/2010, yana ɗan shekara 17, Musa ya ci wa Pillars ƙwallo 18, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Wannan bajinta ce ta buɗe masa ƙofar Turai. Ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, ya koma CSKA ta birnin Mosko a farkon 2012, inda ya ci kofin gasar Rasha sau uku. A 2016 Leicester City ta saye shi a kan fam miliyan 16 da ɗoriya, kuɗin da ba ta taɓa biya a kan ɗan wasa ba kafin lokacin. Daga nan sai Al-Nassr ta Saudiyya a 2018, sai kuma Turkiyya.

A duk tsawon shekarun nan bai sake cin 18 a gasar wata ƙasa a kaka ɗaya ba. Mafi yawan da ya ci a Turai shi ne 13, a kakar 2015/2016, yana da shekara 23, a cikin CSKA ɗin da ta fi kowa ƙarfi a Rasha a shekarar. A gasar Firimiyar Ingila biyu kacal ya ci wa Leicester. Faɗin haka ba rage masa daraja ba ne. Musa ɗan wasan gefe ne tun asali, wanda akan matso da shi tsakiya in buƙata ta taso. Darajarsa tana cikin gudu, da kuma yadda yake tashi tsaye a ranar da ta fi kowace rana nauyi. Ƙwallo huɗu ya ci a gasar cin kofin duniya, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018, kuma babu ɗan Najeriyar da ya kai shi. Yana cikin tawagar da ta ɗauko kofin Afirka a 2013, ya kuma fi kowa yawan buga wa Super Eagles wasa, bayan da ya wuce 101 na Joseph Yobo da Vincent Enyeama.

Duk wanda ya tuna ƙwallayen Iceland ya san irin abincin da ƙafarsa ke so. Ta farko daga harin ramuwa ta zo, Victor Moses ya kwaso a guje ta dama ya aiko masa. Ta biyu doguwar ƙwallo ce daga Kenneth Omeruo ta gefen hagu, ya tsere wa mai tsaron baya, ya kauce wa gola, ya natsu ya buga. Duka biyun sun samu ne saboda akwai fili a bayan masu tsaron baya, kuma akwai ƙafar da za ta riga kowa isa wurin. Gudu kuwa shi ne abin da shekaru ke fara karɓewa daga ɗan wasa. Filin ma ba kasafai ake samunsa a gasar Najeriya ba idan kana gida, domin baƙo yakan zo ne ya tare bakin raga da mutum tara ko goma, yana neman maki ɗaya ya koma. Inda salon Musa ya fi dacewa shi ne wasan waje, lokacin da masu gida suka taso gaba suka bar baya a buɗe. Waɗannan kuma su ne wasannin da ke buƙatar doguwar tafiya zuwa Fatakwal ko Aba ko Ikenne, wadda ta fi gajiyar da jikin ɗan shekara 33, balle wanda aikin ofis ke jiransa ranar Litinin.

Ma'aunin da ya fi kusa shi ne dawowarsa gida sau biyu. A 2021, bayan ya rabu da Al-Nassr, ya buga wa Pillars 'yan wasanni ba tare da ya ci ko ɗaya ba, kafin ya wuce Turkiyya. A Oktoban 2024 ya sake dawowa, ya ci biyu a wasansa na farko da Sunshine Stars, ya kammala kakar da wajen ƙwallo goma duk da bai fara ta daga farko ba. Pillars ta ƙare a tsakiyar teburi. Goman nan ita ce ginshiƙin duk wani lissafi na gaskiya. Wanda zai ƙara a kai yana da hujjar cewa bana Musa ya fara kaka tare da abokan wasansa, ya kuma san filayen da alƙalan. Wanda zai rage yana da hujjar ƙarin shekara guda da nauyin ofis. Akwai kuma Rabi'u Ali, wanda ya daɗe yana riƙe da bugun fenariti da na tazara a Pillars, kuma irin waɗannan bugun su ne ke kumbura adadin yawancin masu cin ƙwallo.

A mafi yawan shekarun da aka buga cikakkiyar kaka, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar yakan tsaya ne tsakanin 17 da 20. Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a 2011, ya karɓe tarihin daga hannun Musa. Mfon Udoh na Enyimba ya ci 23 a 2014, kuma har yau ba a kamo shi ba. Anas Yusuf na Nasarawa United ya ci 18 a kakar 2024/2025. Ke nan mai cewa Musa zai ci goma sha takwas yana cewa ne zai fi kowane matashin ɗan gaba a ƙasar nan, ta hanyar cin kusan ƙwallo ɗaya a kowane wasa biyu, daga Agusta har ƙarshen kaka, ba rauni ba hutu. Ƙauna ce ke wannan lissafin. Tsakanin takwas da goma sha biyu shi ne abin da hankali zai ɗauka, kuma bayan hukuncin NPFL ƙasan wannan adadi ya fi samansa kusa.

Takalmin zinare ba ya ɗauko kofi

A ɗauka ma masu kyakkyawan zato sun yi gaskiya, Musa ya ci goma sha takwas. Tarihin gasar bai nuna hakan zai kai Pillars inda suke so ba. Shekarar da shi kansa ya ci 18, Enyimba ce ta ɗauki kofi, Pillars ta zo ta biyu. Shekarar Aneke, Dolphins ta Fatakwal ce ta ɗauka. Junior Lokosa ya ci wa Pillars 19 a 2018, a kakar da aka datse bayan wasa 24, amma Lobi Stars ce ke saman teburi. Ƙwallo 18 na Anas Yusuf ba su kai Nasarawa United cikin ukun farko ba, Remo Stars ce ta yi nasara. Misalin da ya fi kowanne daɗi ga mutumin Kano shi ne na 2014: Udoh ya ci 23 ɗinsa, Pillars ta ɗauke kofin ta bar Enyimba a baya.

Kofuna uku a jere da Pillars ta ci, a 2012 da 2013 da 2014, duk ta ci su ne Musa yana Mosko. An gina su a kan tawagar da ta daɗe tare, wadda ƙwallo ke fitowa daga ƙafafu da yawa, irin su Gambo Mohammed da Rabi'u Ali. An gina su kuma a kan abu ɗaya da ya fi kowane ɗan wasa amfani ga Pillars, wato gida. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta zo ta yi nasara 2-1, ba a doke Pillars a wasan gasa a gidanta ba. Shekara 12 ke nan, fiye da wasa 200.

A gasar da cin wasan waje ke zama labari, lissafin kowace ƙungiya a bayyane yake. Wasa 38 ake bugawa, 19 a gida. Wadda ta cinye kusan duk na gida ta tsira ko da ba ta tsinana komai a waje ba. Wadda ta haɗa da 'yan nasarori da canjaras a waje ita ke neman kofi. Wadda ta fara zubar da maki a gida kuwa ta kama hanyar faɗuwa, domin ƙungiya huɗu ke sauka kowace shekara, kuma tazarar da ke tsakanin tsakiyar teburi da ramin faɗuwa takan kasance nasara biyu ko uku.

Dole a faɗi ɗaya gefen, ko da ba zai yi wa magoya baya daɗi ba. Ƙarfin gida a ƙwallon Najeriya ba daga ihun 'yan kallo da sanin fili kaɗai yake fitowa ba. Akwai tsoron da alƙalin wasa ke shiga fili da shi, yana tunanin yadda zai fita lafiya in masu gida ba su ci ba. Wannan ciwo ne da ya game filaye da yawa, Kudu da Arewa, kuma masu sukar Pillars sun daɗe suna cewa ita ma ta ci moriyarsa. Abin da ya faru ranar 12 ga Oktoba ya ba su abin nunawa. Taron da ya saba ganin nasarar gida a matsayin haƙƙinsa shi ne taron da ke kasa haɗiye canjaras a minti na ƙarshe.

Hukuncin na 2025 ya mayar da fiye da rabin wasannin gida na kaka guda zuwa filin Muhammadu Dikko da ke Katsina, kimanin kilomita 170 daga Kano. Mai sayar da kaya a Kantin Kwari da ke rufe shago ya taka zuwa Ƙofar Mata ba zai riƙa biyan kuɗin motar Katsina duk bayan mako biyu ba. Kuɗin ƙofa zai ragu, kuɗin masauki da sufuri zai ƙaru, baƙi kuma za su shigo fili da ƙwarin gwiwar da ba su taɓa shiga Kano da shi ba. In Pillars ta yi asarar maki biyu a huɗu kawai daga cikin wasanni goman nan, maki takwas ke nan a kan ukun da aka cire. Da wuya ƙwallo biyar ko shida na ƙari daga ƙafar mutum ɗaya su cike wannan giɓi.

Kuma an taɓa ganin irin wannan. A Afrilun 2022, bayan doguwar hijira a Kaduna, Pillars ta dawo Kano ta kara da Katsina United. Wasan ya ƙare a rikici, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasar ta lokacin ta ci ta tara, ta hukunta ta da cire maki da barin gida. Bayan wata biyu aka dakatar da shugaban ƙungiyar saboda cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawa da Dakkada. A ƙarshen kakar, ƙungiyar da ta ci kofin gasa sau huɗu, wadda ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ta faɗa ƙaramin rukuni. Sai a 2023 ta dawo. Garin da aka tura ta a 2025 shi ne garin ƙungiyar da aka farfasa wa mota.

Taura biyu

Nan ne gardamar ƙwallaye ta haɗu da tambayar da ta fi ta girma. Aikin janar manaja a ƙungiya irin Pillars shi ne kwantiragin 'yan wasa, albashi da alawus, tafiye-tafiye, tikiti, hulɗa da ƙungiyar magoya baya, da shirin tsaro tare da 'yan sanda a ranar wasa. Dokokin gasar sun ɗora tsaron fili a wuyan ƙungiyar da ke gida. Ranar da ta fi kowace rana buƙatar manaja ya tsaya a kan ƙofofi da shingaye da jami'an tsaro ita ce ranar da ɗan wasa ya fi buƙatar ya kulle kansa daga komai ya fuskanci wasa. Mutum ɗaya aka ba duka biyun. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan taura biyu a baki ɗaya.

Akwai kuma matsalar koci. A tsari, manaja na cikin masu auna aikin koci, koci kuma shi ke yanke wanda zai buga da wanda zai zauna a benci. Yaya mai horarwa zai ɗaga allo a minti na 60 ya fitar da mutumin da ke da baki a kan makomar aikinsa? Yaya matashin da ke takarar gurbi ɗaya da Musa zai yi ƙorafin rashin buga wasa, alhali ofishin da zai kai ƙarar na abokin takarar ne? Ba a buƙatar Musa ya yi mugun nufi kafin wannan ya zama matsala. Tsarin kansa ne ke sa kowa ya riƙa taunar harshe. Wani abin mamaki shi ne, hakan na iya ƙara masa ƙwallaye, tunda zai daɗe a fili, ya kuma rage wa ƙungiyar maki a ranakun da ya kamata a huta da shi. Mai ƙirga ƙwallayensa kaɗai ba zai taɓa ganin wannan asara ba.

Masu kare naɗin sukan kawo Kenny Dalglish, wanda ya ci wa Liverpool kofin gasa da kofin ƙalubale a 1986 yana ɗan wasa kuma koci. Gaskiya ne, amma Dalglish ya gaji ƙungiyar da ke da ginannen ofis da tsofaffin mataimaka da suka san komai, ba shi ke neman kuɗin man mota ba. Misalin da ya fi kusa da zamaninmu shi ne Vincent Kompany, wanda ya koma Anderlecht ta Beljiyam a 2019 don ya haɗa wasa da horarwa. Bayan 'yan makonni ya miƙa jagorancin ranar wasa ga mataimakinsa, bayan shekara guda kuma ya rataye takalmi don ya fuskanci aiki ɗaya.

Adalci ne a faɗi abin da Musa ya kawo. Dawowarsa ta cika filaye har a garuruwan da ba a saba damuwa da Pillars ba, ta jawo wa gasar idon 'yan jarida da masu talla, ta kuma ƙarfafa wa irin su Shehu Abdullahi da Brown Ideye gwiwar buga wasa a gida. Ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiya a Rasha da Ingila da Saudiyya. Ya san abin da ake nufi da ɗan wasa ya yi wata da watanni yana jiran haƙƙinsa, ya san haɗarin hanya a ƙungiyar da 'yan fashi suka buɗe wa motarta wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja a Maris 2015, suka raunata 'yan wasa. Yana da wayar da in ya kira gidan gwamnati za a ɗauka. Duk waɗannan hujjoji ne na cewa zai iya zama manaja nagari. Ba su nuna cewa zai iya yin aikin yana cikin riga mai lamba ba.

Inda siyasa ta shigo

Pillars mallakar gwamnatin Kano ce tun kafa ta a 1990, kuma da kuɗin jama'a ake tafiyar da ita, kamar akasarin ƙungiyoyin gasar. Tarar Naira miliyan 9.5 da kuɗin zirga-zirgar Katsina daga wannan aljihu za su fito. Hukumar gudanarwarta takan sauya ne da sauyin gwamnati ko sauyin ra'ayin gwamna, kuma ba al'adar ƙungiyoyin jihohi ba ce su wallafa abin da suka samu da abin da suka kashe. A irin wannan tsari, sanya sunan da kowa ke ƙauna a gaba yana da amfani biyu ga masu mulki. Yana kawo farin jini a ranar naɗi, yana kuma zama garkuwa a ranar da abu ya lalace, domin matashin da zai yi wa kwamishina ko shugaban hukuma tambaya mai zafi zai ji nauyin yi wa gwarzon da ya sa shi ihu a 2018.

A kakar 2025/2026 lissafin ya ƙara zafi saboda Kano ta samu ƙungiya ta biyu a babbar gasa. Barau FC, mallakar Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Barau Jibrin na jam'iyyar APC, ta hau a 2025, yayin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf, wanda a lokacin yake NNPP, ke riƙe da Pillars. Zaɓen 2027 na ƙaratowa. Babu wanda ya san siyasar Kano da zai yi zaton teburin gasar zai tsaya a shafin wasanni idan ɗaya ta tsira ɗaya ta faɗi. Wannan na iya zame wa Pillars alheri na ɗan lokaci, domin gwamnati ba za ta so a yi mata dariya ba, za ta saki kuɗi. Kuɗin da ake saki don gudun kunya kuwa kan tafi ne wajen sayen sunaye a tsakiyar kaka, ba wajen shinge da na'urar ɗaukar hoto da horar da masu kula da ƙofa ba.

Remo Stars ta bi wata hanya dabam. Ta ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, tana da filinta a Ikenne da makarantar rainon yara, ta kuma bar koci ɗaya, Daniel Ogunmodede, ya yi shekaru yana gini. Ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023 da 2024, ta ɗauki kofi a 2025, ba tare da wani tauraron da ya dawo daga Turai ba. Masu kira ga gwamnatin Kebbi ta zuba kuɗi a Kebbi United don a gan ta a babban rukuni suna da misalai biyu a gabansu, kuma na Ikenne ya fi arha a kan dogon zango.

To ina Pillars za ta ƙare? Saura wasa 30 bayan mako na takwas, wato maki 90 a ƙasa, don haka maki uku ba hukuncin kisa ba ne. Tawagar tana da gogewar da za ta iya fitar da ita daga ƙasan teburin da hukuncin ya jefa ta. Amma zancen gurbin Afirka, wanda ke buƙatar ƙarewa cikin ukun farko ko cin kofin ƙalubale, ya kamata a ajiye shi gefe. Tsakiyar teburi a bana nasara ce. Haɗarin da ya fi girma yana gaban raga: mutum biyun da aka fi dogara da su wajen cin ƙwallo, Musa mai 33 da Rabi'u Ali mai 45, shekarunsu a haɗe 78 ne a Oktoban 2025. In ɗayansu ya ji rauni a watan Janairu, lokacin da wasanni ke cunkushewa, ba a ga na ukun da ya nuna zai ɗauki nauyin ba tukuna. Nemo wannan na ukun aikin janar manaja ne, ko da kuwa zai zo ya karɓe wa ɗan wasa Ahmed Musa wuri.

Hukumar gasar ta kuma nemi a zaƙulo waɗanda suka kutsa fili a hukunta su. Hotunan bidiyon suna hannun kowa, fuskokin a bayyane suke. Ko za a gurfanar da wani, ko za a bari ƙura ta lafa kamar yadda aka saba, shi zai nuna wa hukumar ko Kano ta cancanci a mayar mata da wasanninta bayan na goma. Takardar da za ta nemi a buɗe filin Sani Abacha daga ofishin Musa za ta fita, kuma za a karanta ta ne tare da rahoton abin da magoya bayan Pillars suka yi a Katsina.